Lambar Shago Mai Sauƙin Kira: Jagora Ga 'Yan Kasuwar Dubeli Da Kewaye

Duk wanda ya bi titi daga mahaɗar Dubeli a Jimeta zuwa bakin gadar Binuwai, ko ya juya ya nufi tashar Jambutu, da wuya ya ga ƙofar shagon da babu lambar waya a jikinta. Mai walda ya rubuta tasa da fenti a ƙyaure, mai siminti ya sa an buga masa a allo, tela ya liƙa takarda a gilashi, mai Keke Napep ma ya rubuta tasa a bayan tamfol. Abin da ba a cika tsayawa a yi tunani a kai ba shi ne wanda zai biya kuɗin kiran. A Najeriya mai kira ne ke biya, mai amsawa ba ya asarar ko kwabo. Ke nan duk lambar da ka rubuta a ƙofa, aljihun mai sayen kayanka ka nufa da ita. Magini da ke aiki a Girei, ko matar da ke Song tana son saro atamfa, in katin naira ɗari ne ya rage musu a waya, sai sun yi lissafi kafin su danna. Idan sun taɓa kiranka kati ya ƙare ba a gama magana ba, gobe maƙwabcinka za su kira, kai kuwa ba za ka ma san ka yi asarar ciniki ba.

Lissafin ya ƙara tsanani tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data. Saƙon tes da ake turawa a naira 4 ya koma naira 6. Mutumin da a da yake kira ya tambayi farashi a shago uku kafin ya hau mota, yanzu shago ɗaya zai kira, wanda ya san ba a ɓata masa kati.

A ganina, ga ɗan kasuwa irin na Jimeta, lambar da ta fi arha ga mai kira ita ce layin salula na yau da kullum, wanda kira ke shiga a bugun farko, a ɗauka da wuri, a gama magana cikin minti ɗaya ko biyu, in kuma maganar za ta yi tsawo mai shago ya ce "katse, bari in kira ka." Duk sauran dabaru a bayan wannan suke. Amma kafin a kai nan akwai zaɓe-zaɓen da sai an yi su da ido a buɗe.

Wane kamfani?

Har yanzu za ka ji ana cewa "ai MTN zuwa MTN ya fi arha", ko "ka nemi Airtel tunda mutanenka Airtel gare su." Maganar tana da asali. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan 2001, minti cur ake caja ko da sakan goma ka yi, sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan sannan sauran suka bi sahu. A waɗancan shekarun kiran layin wani kamfani daban ya fi tsada ƙwarai, abin da ya koya wa mutane yawo da waya biyu ko uku ke nan. To amma a 2013 NCC ta ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya mamaye kasuwar kira, ta umarce shi ya daidaita farashin kiran layinsa da na sauran kamfanoni. Yau yawancin tsare-tsaren kira farashi ɗaya ne zuwa kowane layi a cikin ƙasa. Wanda ke kan Glo ya kira shagonka mai layin Airtel, galibi abin da zai biya bai bambanta da na kiran ɗan'uwansa mai Glo ba.

Inda bambanci ya rage wuri biyu ne. Na farko garaɓasa: wasu bonas ɗin da kamfanoni ke bayarwa suna zuwa da sharaɗi, kuma mai ƙaramin ƙarfi da bonas yake yawancin kiransa. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne shigar kiran kansa. Kiran da ya shiga aka yi ta "ina jinka, ba na jinka" har ya yanke, an ci kuɗinsa, sake kira kuma sabon kuɗi ne. Saboda haka tambayar da za ka yi ba ta farashin kamfani ba ce, ta ƙarfin sabis ce a daidai inda kake zaune.

Kada ka gwada a bakin titi. Ka ari wayoyin maƙwabta masu layuka daban-daban, ka shiga can ƙuryar shago, bayan buhuna, ƙarƙashin rufin kwano, inda wayar za ta wuni. Shagon kwantena da rumfar da ke tsakiyar kasuwar zamani ta Jimeta ba ɗaya suke da shagon da ke fuskantar fili ba. Ƙarfe da bulo suna danne sabis. Ka gwada da hantsi lokacin da kasuwa ta cika, ka sake gwadawa bayan magariba lokacin da kowa ke kan waya, domin layin da ke da sanda huɗu da asuba yana iya shaƙewa da yamma. Kuma kada ka tsaya ga kallon sandunan sabis. Ka sa wani ya kira ka daga nesa, daga Yola cikin gari ko daga hayin kogi, ku yi magana ta minti biyu, ka ji ko murya na fita tas.

Daga nan sai ka duba daga ina ake kiranka. Buɗe jerin kiran da suka shigo maka cikin 'yan makonni. Lambobin da suka fara da 0803, 0806, 0703, 0706, 0813 ko 0816 asalinsu na MTN ne. 0802, 0808, 0708 da 0812 na Airtel. 0805, 0807, 0705 da 0815 na Glo. 0809, 0817 da 0818 na kamfanin da ya fara da sunan Etisalat ya koma 9mobile a 2017. Na ce asalinsu, domin tun watan Afrilun 2013 mutum na iya ƙaura zuwa wani kamfani da lambarsa, don haka farkon lamba ba hujja ce tabbatacciya ba. Duk da haka zai ba ka haske. In kaso mafi yawa na masu kiranka daga ƙauyukan Fufore ko Mayo Belwa layi ɗaya suke amfani da shi, akwai dalili: shi ne ke kamawa a garinsu. Samun layin wannan kamfanin a shago yana rage matsalar da kan faru idan kira zai tsallaka daga wani kamfani zuwa wani.

Layi biyu na kamfanoni daban-daban sun isa, kuma waya mai sim biyu tana ɗauke su. Dalilin na biyun shi ne ranar da kebul ya yanke a wajen aikin titi, ko injin turken sabis ya tsaya, kamfani ɗaya ya ɗauke ɗif. Abin da ba na goyon baya shi ne allon da aka jera wa lamba huɗu ko biyar, ta maigida, ta ƙaninsa, ta yaron shago, da ta wani da ya bar aiki tun bara. Mai kira ba ya sanin wadda zai fara. Ya kira ta farko a ce "ai ba na shago, kira wancan", ya kira ta biyu a ce "bari in ba ka lambar Alhaji." Kati ya tafi, ba a ko ambaci kaya ba.

Lambobin 0700 da 0800

Wasu masu asibitoci, makarantu, otal-otal da kamfanonin sufuri suna sha'awar irin lambar da suke gani a tallar bankuna. Ya kamata a san yadda suke aiki kafin a kashe kuɗi. Waɗannan lambobin ba sim ba ne da za ka sa a waya. Wani kamfani mai lasisi ne ke ba ka hayar lambar, duk kiran da ya shigo ya juya shi zuwa layukanka na yau da kullum ko zuwa na'urar amsa kira.

Ta 0800 ita ce ta kyauta: mai kira ba ya biya, kai ne ke biyan kowane minti, ga kuma kuɗin haya. Ta 0700 kuwa mai kira ne ke biya. Nan ne mutane ke ruɗewa, saboda su biyun sun yi kama, kuma sun yi kama da layuka na gari irin 0703, 0708, 0802 da 0803 waɗanda ba ruwansu da wannan tsari. Babbar illar 0700 ga talaka ita ce na'urar da aka saba ɗora mata. Da zarar muryar nan ta ce "danna ɗaya don Turanci, danna biyu don Hausa", an ɗauki kira ke nan, kuɗi ya fara tafiya, alhali mutum bai yi magana da kowa ba. Duk wanda ya taɓa jiran layin banki da kiɗa a kunnensa ya san zafin abin. Ƙaramin asibiti a Karewa ko Luggere bai da dalilin ɗora wa majiyyaci wannan nauyin.

Ita 0800 tana da amfani ga wanda ake kiransa da yawa kuma kowane kira na iya zama babban ciniki, ko wanda ke son a kai masa ƙorafi ba tare da fargaba ba. Amma ka gindaya sharuɗɗa kafin ka sa hannu. Ka nemi a ba ka lambar gwaji, ka kira ta daga layin kowane kamfani da wayar da babu ko sisi a ciki, ka tabbatar tana shiga. Ka tambayi kuɗin minti da kuɗin wata a rubuce, da kuma yadda za a tsayar da masu kira don wasa, domin kai za ka biya wasansu. Ka sani kuma WhatsApp na yau da kullum ba ya karɓar rajista da lambar kyauta, kuma irin wannan lamba ba a saba samunta daga ƙasar waje ba. Sannan dole ka rubuta "kira kyauta ne" ɓaro-ɓaro a ƙarƙashinta, don mutane da yawa a nan ba su san ma'anar 0800 ba, wasu ma tsoron baƙuwar lamba suke yi.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ruɗawa ba. A Birtaniya shekara da shekaru lambar 0800 kyauta ce daga wayar gida amma ana cajin mai kira da salula, har sai ranar 1 ga Yulin 2015 da hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta wajabta ta zama kyauta ga kowa. Darasin da ke ciki gare mu shi ne kada ka yarda da kalmar "kyauta" sai ka gwada da irin wayar da mai sayenka ke riƙe da ita.

Wayar tebur ba ta buƙatar dogon bayani. Manya sun tuna zamanin NITEL da lambar Yola ta 075. Yau kusan ba a amfani da ita a kasuwa, kuma tun farkon 2024 NCC ta sauya tsarin lambobin wayar tebur, aka ƙara 20 bayan sifilin farko, ta yadda 01 ta Legas ta koma 0201, 09 ta Abuja ta koma 0209. In kana da ofis mai irin wannan layi, ka duba ko lambar da ke kan takardunka tsohuwar ce.

Inda katin mai kira ke tafiya da gaske

A nan ne kusan duk asarar take, kuma a nan ne gyara ya fi sauƙi.

Ga yadda abin ke faruwa kullum. Magini ya kira shagon kayan gini daga wajen aiki. Yaron shago ya ɗauka: "Salamu alaikum." Aka gaisa. "Nawa ne rodi mai sha biyu yau, kuma akwai guda arba'in?" Yaro ya ce, "Ina zuwa, bari in tambayi Oga." Ya ajiye wayar a kan kanta ba tare da ya katse ba. Maigida yana waje yana ciniki da mai tifa. Magini na jin ƙarar janareta da hayaniyar titi, yana ta "halo, halo", kuɗinsa na zuba. Bayan minti uku yaro ya dawo da farashi, amma bai duba ko arba'in ɗin sun cika ba. "Ka sake kira an jima."

Mu ɗauka tsarin da maginin ke kai kwabo 25 ne kowane sakan. Minti ɗaya naira 15 ke nan, katin naira ɗari kuma bai kai minti bakwai ba. Wannan kiran na minti huɗu ya cinye naira 60, ya tashi da rabin amsa. Babu wani zaɓen kamfani ko lamba mai kyau da zai gyara wannan.

Gyaransa shi ne takardar farashi ta yau a liƙe kusa da inda wayar take, maigida ya sabunta ta kowace safiya, tare da adadin manyan kayan da suka rage. Wanda ke riƙe da wayar ya zama yana da ikon faɗin farashi. In an tambayi abin da sai an duba, amsa ɗaya ce: "Malam, katse, yanzu zan kira ka." Kuma a kira ɗin. Alkawarin kira da ba a cika ba ya fi rashin ɗauka muni, don mutum zai zauna yana jira alhali da ya nemi wani.

Ba ina cewa a yanke gaisuwa ba. Mutumin da ya kira daga Gurin ya fara da "jam na?", ko dattijon da sai ya tambayi iyali da gajiya da zafin gari kafin ya shiga magana, in ka gaggauta shi ka ɓata abin da ya fi cinikin ranar daraja. Abin da ya dace shi ne gaisuwar ta kasance a kan katinka. Ka amsa sallama, ka ce, "Baba, ajiye, ni zan kira." Ya ji ka girmama shi, kuma ya yi maganarsa a natse ba tare da kunnensa na jiran muryar da ke cewa kati ya kusa ƙarewa ba.

Haka ma filashin. Wasu 'yan kasuwa suna jin haushinsa, suna ganin raini ne. Ni ina ganin shi ne lambar kyauta ta talaka, wadda ba ka biya wa haya ba. In sana'arka tana da riba mai kauri a kowane ciniki, kamar siminti, taya, hatsi buhu-buhu, ɗinkin biki ko gyaran firji, ka rubuta a allo: "Yi filashin, za mu kira ka." Lissafinsa a fili yake. Da wancan farashin da muka ɗauka, kiran mutum goma a rana, minti biyu-biyu, naira 300 ne, wajen naira 9,000 a wata, kuma zai ragu in ka sayi ƙunshin mintuna na wata ko ka koma tsarin da sakan ɗinsa ya fi arha. Ciniki ɗaya mai kyau ya mayar da wannan. Mai sayar da kayan naira hamsin-hamsin kuwa ba dole ne ya bi kowane filashin ba, ya bi na waɗanda ya sani. Hattara ɗaya: kada a bi filashin ɗin baƙuwar lambar ƙasar waje. Akwai 'yan damfarar da sana'arsu ke nan, su buga sau ɗaya su katse, in ka bi kira a kwashe maka kati. Ka koya wa yaranka su duba farkon lamba kafin su danna.

Sai akwatin saƙon murya, wanda ke cin kuɗin mutane ba su sani ba. A wasu layuka, in waya na kashe ko ba a ɗauka ba, kira na faɗawa can, kuma da na'urar ta amsa an fara caji. Mutanenmu ba sa barin saƙo a nan, kuɗin kawai suke asara. Ka gwada da kanka: kashe wayar shago, ka kira ta da wata, ka duba kuɗinka da *310# kafin kira da bayansa. In an cire wani abu, danna ##002# a wayar shagon, wannan yana soke duk wata karkatar da kira. In bai yi ba, kira 300, lambar kula da masu hulɗa ta kowane kamfani tun da NCC ta haɗe gajerun lambobi a 2023, ka ce a cire maka.

Bayan ka soke, kana iya karkatar da kiran zuwa inda zai yi amfani. Danna **62* sai lambar layinka na biyu sai #, duk lokacin da layin farko ba ya samuwa kira zai wuce can. **61* na kiran da ba a ɗauka ba ne, **67* kuma na lokacin da kake kan wani kiran. Mai kira kuɗin kira ɗaya zai biya, kai ne za ka biya ɓangaren da aka karkatar, don haka kada layin ya zauna babu kati. Ga wanda ke rufe shago ya tafi masallacin Juma'a ko coci ya bar wani a kai, wannan ya fi sauƙi a kan musayar waya hannu da hannu.

Wuta ma tana cikin lissafi. A zafin Yola na watan Maris da Afrilu batir ba ya jimawa, kuma wayar da yaro ke kallon bidiyo da ita tun safe ba za ta kai la'asar ba. Ƙaramar waya mai maɓalli, wadda cajinta ke kwana biyu, ita ta fi dacewa da layin kira. A bar ta a shago, a wuri ɗaya, da ƙara mai ƙarfi.

WhatsApp da masu kira daga Kamaru

Ga mai babbar waya, hanya mafi arha ita ce WhatsApp, musamman saƙon murya, wanda bai buƙaci iya rubutu ba kuma ana iya yinsa da Hausa ko Fulatanci ko Bacama. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ce, tana ba ka damar jera hotunan kaya da farashi, ka rubuta lokacin buɗewa da rufewa, ka saita amsar da ke fita da kanta in ba ka kusa. Mai ɗinki ko mai kayan gyaran mota zai ga amfaninta nan take: hoton abin da ake nema ya fi bayanin minti biyar, kuma yana hana a kawo kayan da ba su ba. Ka sa ta a kan ɗaya daga cikin lambobi biyun da ke allo, ka yi mata alama. Sai dai kada ka mayar da ita hanya tilo. Manomi da makiyayi da dattijuwa mai ƙaramar waya suna nan da yawa, kuma su ne masu biya hannu da hannu.

Kasuwancin Jimeta ya daɗe da ƙulluwa da Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru. Kira daga can kiran ƙasar waje ne, mai tsada, ko da mutum yana kan MTN ta Kamaru kai kana kan MTN ta Najeriya, domin kamfanoni biyu ne a ƙasa biyu. In kana da masu saye a can, WhatsApp ne mafita, kuma ka rubuta lambarka a rasit da katin shago yadda za ta yi musu aiki: a fara da +234, a jefar da sifilin farko. Tasu kuma ka adana ta da +237.

Mallakar layin

Lambar da ka yi shekaru kana rabawa dukiya ce, kuma mutane da yawa ba su ne masu tasu a hukumance ba. Tun da aka fara haɗa layuka da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a watan Disambar 2020, har aka rufe waɗanda ba a haɗa ba bayan wa'adin ƙarshe na Satumbar 2024, mai layi shi ne wanda sunansa da yatsunsa ke kan rajista. In ka aiki yaron shago ya sayo sim ya yi rajista da sunansa, ranar da kuka rabu yana iya zuwa ofis ya karɓi sabon sim na wannan lambar, masu sayenka duka su koma hannunsa, kuma doka tana gefensa. Ka je da kanka. In kana da rajistar kamfani ta CAC, ka tambayi yadda ake rajistar layi da sunan kamfani. Danna *996# yana taimaka maka duba matsayin haɗin layinka da NIN.

Sim mai rajista tun kafin a saya, wanda ake tallarsa a gefen titi, haramun ne a doka, kuma ana iya rufe shi kowace rana. Araha ba ta ado. Ko sabon sim na halal ma, kada ka garzaya wajen mai fenti ranar da ka saye shi. Kamfanoni suna sake sayar da lambobin da aka daɗe ba a yi amfani da su ba, saboda haka lambar da ka ɗauka sabuwa ce tana iya zuwa da tarihin wani: masu bin bashi, kamfanonin rance na intanet, ko wani suna mara daɗi a manhajar Truecaller da zai fito a wayar duk wanda ka kira. Ka riƙe ta mako biyu ka ga irin kiran da ke shigowa. Wannan dalilin ne kuma ya sa layinka na biyu bai kamata ya kwanta ba. Layin da ya yi wata shida ba a kashe ko sisi a kansa ba yana cikin haɗarin a dakatar da shi. Ka riƙa sa masa kati kana kira da shi lokaci-lokaci.

In an ba ka zaɓi, ɗauki lambar da ke da maimaici ko jeri mai sauƙin haddacewa, amma ba sai ka biya maƙudan kuɗi don ita ba. Amfaninta yana fitowa in ka ba da talla a Rediyo Gotel ko Fombina FM ko ABC Yola, inda mai sauraro ke da 'yan sakan ya kama lamba goma sha ɗaya. Ka roƙi a karanta ta sau biyu, a hankali, lamba ɗaya tak. A allo kuma a raba ta gida uku, huɗu, uku, huɗu, da manyan baƙaƙe masu duhu a kan fari, yadda wanda ke cikin Keke zai karanta. Ka tsaya a kan mai fenti har ya gama, ka kira lambar daga abin da ya rubuta. Kuskuren lamba ɗaya yana tura masu sayenka su biya kuɗin magana da baƙo.

Da yawa yanzu suna amfani da lambar shago a matsayin lambar asusun OPay ko PalmPay, tunda lambar waya ce ba tare da sifilin farko ba. Yana sauƙaƙa wa mai saye, ba sai ya sake kira ya ce a turo masa lambar asusu ba. Amma wayar da ke yawo a hannun yara, kuma ita ce mabuɗin kuɗinka, haɗari ce. Ko dai manhajar kuɗin ta zauna a wayarka kai kaɗai kuma ka sa wa sim ɗin lambar sirri, ko ka raba layin kira da layin banki gaba ɗaya. Ni na biyun nake ba da shawara ga duk wanda ke da yara fiye da ɗaya a shago. Su yaran da direbobi, in kuna yawan kiran juna, ka tambayi kamfani tsarin rukuni da ake kira CUG, inda ake biyan kuɗi tsayayye a wata 'yan rukuni su yi ta kiran juna, layin masu saye kuma ya zauna a buɗe.

Idan sabis ɗin kamfaninka ya lalace a unguwarku, ba sai ka jefar da lambar da kowa ya sani ba. Ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da katin shaida da wayarka, za su cike takarda, su sa ka tura PORT zuwa 3232, su ba ka sabon sim mai tsohuwar lambarka. Ƙaurar kyauta ce, amma kati da datar da suka rage a tsohon layin ba sa bin ka, don haka ka cinye su tukuna, kuma akwai wa'adin da za ka jira kafin a bar ka ka sake ƙaura. Ka zaɓi ranar da ciniki bai da yawa, saboda layin kan ɗauke na ɗan lokaci yayin sauyin. In kamfani ya ƙi warware maka wata matsala bayan ka kai ƙorafi ta 300, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin ka kira NCC a 622, kiran kyauta ne.

In kuwa dole ta sa ka sauya lamba ɗungurungum, kada ka kashe tsohuwar rana ɗaya. Ka bar ta da rai na wasu watanni, ka karkatar da kiranta zuwa sabuwar da **21* sai sabuwar lamba sai #, ka tura wa manyan masu sayenka saƙo da sunan shagon a farkonsa, ka gyara allo da rasit da jikin mota a mako guda. Duk wanda ya kira ta tsohuwar, kafin ku yi sallama ka ce masa ya adana wadda za ka kira shi da ita yanzu, sannan ka kira shi da sabuwar.